Lungun Nicanor a Palancar

Shekara talatin da ɗaya Nicanor Pech ya yi yana kai baƙi ƙarƙashin teku a tsibirin Cozumel, kuma bai taɓa dawowa da ko mutum ɗaya a kwance ba. Da wannan yake taƙama, tunda ba shi da mota, gidansa kuma ɗaki biyu ne. Sai ga wani tari ya kama shi a watan Oktoba, ya ƙi sakinsa har mako shida. Da ya gaji da shan zuma da lemun tsami, ya je asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa.

Likitar ba za ta girmi 'yarsa ba. Ta juyo masa da allon kwamfuta, ta nuna masa wani baƙin tabo a saman huhunsa na dama. Ta ce wata 'yar jakar iska ce, fatarta siririya kamar ɓawon albasa. A tudu ba abin da za ta yi masa, zai iya kai shekara casa'in da ita. Amma in ya shaƙi iskar silindar da masu nutso ke goyawa a ƙarƙashin ruwa ya taso, tana iya fashewa.

Ya ce, "To, sai yaushe zan koma?"

"Don Nicanor, ba maganar yaushe ba ce."

"Ko mita goma? Inda ake koya wa sababbi?"

"Ko mita uku da silinda ban yarda ba. Iyo a sama dai, ka yi har ka gaji."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu, ya yi mata godiya kamar ta ba shi kyauta.

Doña Graciela, mai shagon nutson da yake wa aiki, ba ta sallame shi ba. Ta mayar da shi kwale-kwalen masu iyo a sama, waɗanda jagororin nutso ke kira agwagi. Manyan jiragen shaƙatawa ne suke juye su kowace safiya, ashirin, talatin, a sa wa kowa riga mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, da tabarau na ruwa, da bututun numfashi. Nicanor zai tsaya a gabansu ya karanta musu dokokin gandun teku: kada a taka murjani, kada a taɓa kunkuru, kada a ɗauki ko ƙwanso ɗaya. Sannan ya faɗa ruwa yana jan tayar ceto da igiya, su biyo shi suna facal-facal. Daga inda yake, in ya waiga yamma, yana ganin inda ruwa ya sauya daga kore zuwa shuɗi mai duhu, da sauran jiragen suna bin kumfar mutanensu a hankali.

Da rana jagorori suna haɗuwa a rumfar da ke bayan shago, inda ake sayar da panucho, wata wainar masara mai wake a ciki. Kyaftin Wilberth, wanda suka yi shekara ashirin a jirgi ɗaya, shi ke fara tarbarsa.

"A ba da hanya, ga sarkin agwagi! Yau nawa suka yi maka amai a ƙafa, mutumina?"

"Biyu. Ɗayar ma sak ƙanwarka."

"Ƙanwata ta fi ƙarfinka, tsoho. Zauna ka ci, na ga duk ka zube."

Za a yi dariya, a tura masa kwanon attaruhu. Daga nan hira ta koma inda ta saba: wane ya ga kifin shak yana barci a kogo, ruwa ya ja da ƙarfi a kudu har wata mata ta saki kyamara, cutar da ke cin murjani ta kai wuri kaza. Da, shi ake juyowa a tambaya. Yanzu ma ba wanda ya ƙi shi, sai dai duk abin da zai faɗa labarin bara ne. Ya fara gama cin abinci da wuri, ya ce zai je wanke riguna.

Gida kuma ba kowa. Matarsa Socorro ta tafi birnin Mérida tun watan Mayu, lokacin da 'yarsu ta haifi tagwaye, kuma ba ta da ranar dawowa. Kullum da yamma suna waya, shi a zaune a ƙofar gida, ita da kukan jarirai a bayanta.

"Ka taho mana, tsoho. Me ya rage maka a can?"

"Aiki."

"Aikin jan taya? Ka zo ka ja keken jikokinka, shi ma ja ne."

"Mérida babu teku."

"Akwai a Progreso, tafiyar minti arba'in."

"Wannan ruwan wankin?"

"Kai dai ka sani. Ka ci abinci? Kada ka ce mini burodi da kofi."

Burodi da kofi ɗin ne. Yana ajiye waya sai shirun gidan ya dawo, sai ƙarar firji.

A mako na biyu na Fabrairu, Arne Halvorsen ya iso, kamar yadda ya saba shekara goma sha biyu. Dogon tsoho ne daga Winnipeg ta Kanada, mai jajayen kunnuwa, kullum shi kaɗai yake zuwa, kuma ba ya shiga ruwa da kowa sai Nicanor. Sifaniyancin Arne bai wuce kalma goma sha biyar ba, rabinsu sunayen abinci. Turancin Nicanor kuwa na sana'a ne: biyo ni, duba iskarka, kada ka taɓa. A tudu sai su zauna gefe da gefe suna murmushi. A ƙasa ne suke hira. Arne zai nuna abu da yatsa ya ɗaga kafaɗa, Nicanor ya amsa da hannu, wani lokaci har dariya ta sa ruwa ya shiga tabaransu. In da za a tambayi Nicanor manyan abokansa, da ya sa wannan mutum a cikin ukun farko, ko da yake mako ɗaya rak yake ganinsa a shekara.

Nicanor ya tarar da Arne a kan gadar katako inda jirage ke tsayawa, ya riga ya sa rabin rigar roba. Suka rungume. Arne ya dunƙule hannu ya nuna ƙasa da babban yatsa, alamar mu nutse. Nicanor ya girgiza kai. Ya dafa ƙirjinsa na dama, ya nuna silinda, ya gicciye hannuwa. Arne ya tsaya yana kallonsa. Can ya fara zuge rigarsa zai cire.

"A'a, a'a," in ji Nicanor, ya riƙe masa hannu. Ya ɗaga murya: "Yesenia! Zo mana."

Yesenia Canul ta taho tana goge hannu. Shekararta talatin da shida, 'ya'yanta biyu, kuma Nicanor ne ya koya mata nutso tun tana sayar da tikiti a shago. Yanzu ita ce babbar jagora. Ta yi wa Arne bayani da Turanci, ya saurara yana kallon katakon gada, ya amsa a gajarce.

"Ya ce shi wurinka ya zo, Don Nica. Kuma wai akwai wani wuri da kuke zuwa ku biyu. Wane wuri ne wannan?"

Nicanor ya san wurin da yake nufi. Akwai wani lungu a dutsen murjani na Palancar, mita ashirin da huɗu a ƙasa, wanda ya gano bayan wata babbar guguwa ta kwashe yashin da ya toshe bakinsa. Wani murjani mai faɗi kamar mafici, ruwan hoda mai duhu, ya rufe ƙofar, in ba ka sani ba sai ka wuce. Mutum ɗaya-ɗaya ake shiga. A ciki sai wurin ya buɗe kamar ɗaki, haske na saukowa ta ƙananan ramuka, dubban ƙananan kifaye masu sheƙi suna juyawa tare. Bai taɓa nuna wa wani jagora ba, don ya ga abin da takalman iyo suke yi wa wuri in aka san shi. Arne kaɗai ya kai, a shekararsu ta huɗu, saboda mutumin yana motsa ƙafa a ruwa kamar mai wucewa ta gefen jariri mai barci.

Ya karɓi allon roba da fensir daga wuyan Yesenia, ya durƙusa ya fara zana mata. Ga dutse mai kai biyu, ga tsagin yashi, ga maficin a hannun hagu.

Ta ce, "Sau nawa na bi ta nan? Ya fi sau dubu. Don Nica, ashe kai mugu ne!"

"Ke kaɗai. Da shi. Kada in ji a bakin Wilberth."

"Me za ka ji a bakina?" Wilberth ya leƙo daga jirgi.

"Wari," in ji Nicanor. "Matsa, yau da ni za a je."

Ya samu wanda zai riƙe masa agwagi, ya hau tsohon jirginsa ba silinda, sai tabarau da bututu. Da suka isa, Yesenia da Arne suka kifa da baya cikin ruwa. Ya jira kaɗan, ya bi su, yana jan ƙwallon alama don kada wani jirgi ya bi ta kansa.

Ruwan garau yake, har ƙasa ana gani. Ya ga su biyu suna ƙanƙancewa, kumfarsu tana tasowa tana faɗaɗa kamar faranti. A Cozumel ba a ja da ruwa, shi ne ke ɗaukarka, ya kai ka arewa. Su yana ɗaukarsu a ƙasa, shi a sama, sai dai na sama ya fi sauri, dole ya riƙa juyowa yana bugun ƙafa. Bai taɓa ganin Palancar daga nan ba. Duk wuraren da ya sani da tsayi sun baje, sun zama kamar rufin gari. Ya gane dutse mai kai biyu. Ya ga Yesenia ta duba allo, ta duba dama, ta karkata dama.

"Hagu," ya faɗa cikin bututu. "Hagu, 'yar nan!"

Ya zaro ɗan ƙarfen da yake kiran baƙi da shi, ya buga a jikin ƙugiyar ƙwallon. Ƙarar ta sauka. Dukansu suka ɗago kai, suka ga wani baƙin abu a sama yana wutsil-wutsil da hannu. Kafin ta gane, ruwa ya riga ya wuce da su. Ba a komawa baya a wannan wurin.

A jirgi ta ce, "Ka ce hagu, amma hagun wa? Kai da kake sama ko ni?"

"Hagu ɗaya ce a duniya."

"To zanenka ne kamar kaza ta yi tono."

Wilberth ya yi ta dariya har da buga sitiyari, ko da yake bai san me ake nema ba. Arne ya dafa gwiwar Nicanor, ya ce da Sifaniyancinsa, "Gobe."

Washegari ta gano lungun. Nicanor yana sama ya ga ta tsaya daidai maficin, ta sunkuya, ta ɓace. Arne ya bi ta, a hankali, dogayen ƙafafunsa suka shige na ƙarshe. Sai babu kowa. Dutse kawai, da yashi, da wani kunkurun teku can gefe yana cizon soso.

Ya tsaya a wurin yana bugun ƙafa don kada ruwa ya tafi da shi. Ya san inda suke a kowace daƙiƙa: yanzu suna matsatsin, yanzu za su ɗan sunkuyar da kai, yanzu ɗakin ya buɗe. Sai ya ga abin da bai taɓa sani ba duk tsawon shekarun nan. Numfashinsu yana tsatsowa ta ramukan rufin dutsen, ba manyan kumfa ba, ƙanana mitsi-mitsi, dubbai, kamar yayyafi da ke hawa sama. Suka taso har inda yake, suka lulluɓe masa ƙirji da fuska, suna fashewa a fatarsa. Ya daina bugun ƙafa. Ruwa ya ɗauke shi ya fitar da shi daga cikinsu, ya bar shi ya tafi da shi har sai da Wilberth ya kewayo da jirgi.

"Ka gaji ne, tsoho? Ko kuka kake?"

"Gishiri ne, ɗan banza. Miƙo tsani."

Da su biyun suka hau, Yesenia ko tabarau ba ta gama cirewa ba ta fara zuba, da Turanci, hannuwanta na zana ɗakin a iska. Arne ya amsa. Ta sake cewa wani abu, ya sake amsawa, sai magana ta ɓalle masa. Nicanor bai taɓa jin muryarsa ta yi tsawon haka ba. Mutumin da ya sani da kalma goma sha biyar, ga shi yana magana minti goma ba tsayawa, har da kwaikwayon murya, Yesenia tana dariya, can kuma ta daina dariya ta dafa masa hannu.

A kan gada, suna ɗauraye kaya, ta ce, "Don Nica, ba ka taɓa gaya mini direban motar 'yan makaranta ba ne. Shekara talatin da biyar!"

"Haka ne?"

"Ba ka sani ba? Matarsa fa? Ita ce ta so zuwa nan, sun yi ta shiri, ta rasu kafin su zo. Shekarar da ya fara zuwa, wata huɗu ke nan da binne ta. Ko iyo bai iya sosai ba, a wani wurin wanka na cikin gari ya koya."

Nicanor ya ci gaba da ɗauraye tabaran da ya riga ya fita. Ya tuna shekarar farkon: dogon mutum da ke riƙe igiyar jirgi da hannu biyu, idanunsa jajaye. Ya ɗauka gishiri ne.

"Me ya ce a kaina?"

"Ya ce kai ne mutumin da ya fi jin daɗin zama da shi, don ba ka tambaya."

Ya gyaɗa kai. Bai gaya mata cewa ba ƙin tambaya ya yi ba, kalmomin ne ba shi da su.

Sauran kwanakin ya koma wurin agwaginsa, Arne ya ci gaba da fita da Yesenia. A ranarsa ta ƙarshe sai ga shi a layin masu iyo a sama, ya fi kowa tsawo, rigar ruwan lemo ta tsaya masa a haƙarƙari. Nicanor ya ji daɗi har ya rasa abin yi, ya karanta dokokin gandu sau biyu. Amma ranar iska ta taso. Ba a yi minti goma sha biyar a ruwa ba, tangaɗin saman ruwa ya juya wa Arne ciki, ya rungume tayar ceto fuskarsa fari fat. Nicanor ya ja shi zuwa jirgi, ya bar shi da bokiti, ya koma, domin akwai mutum ashirin da biyu a ruwa, ɗaya kuma na shirin tsayawa a kan murjani. Da yamma suka yi sallama a bakin shago. Arne ya ce, "Baɗi." Nicanor ya ce, "Baɗi."

Yesenia ta riƙe amana, ba ta gaya wa kowa ba. Amma kumfa ba ta ɓuya. Wani jagora na wani shago ya ga tana tsatsowa daga dutse, ya bi sawu. Kafin Ista jirage huɗu sun san wurin, kafin damina kowa ya sani. Lungun Yesenia ake kiransa. Ta yi ta gyara musu, ta gaji. Wata rana a rumfa ta zauna kusa da shi, ta ce a hankali, "Maficin ya karye, Don Nica. Rabi ya rage. Na kai ƙara wurin masu gadin gandu, sun ce za su duba."

"Kifayen fa?"

"Suna nan. Sun ragu."

"Ci abincinki," ya ce. "Ni na zana miki."

Fabrairun da ya biyo Arne ya zo. Kwana shida ya yi da Yesenia, suka ci abinci sau ɗaya su uku, tana fassara. Nicanor ya tara tambayoyi na shekara guda, amma da ya ji su suna fita ta bakin wani sai suka zama kamar na ofis: sanyi ya yi yawa a can? 'Ya'ya nawa? Arne ya amsa duka da ladabi. Lokacin da ta tashi amsa waya, suka yi shiru suna kallon titi, kuma nan ne kaɗai Nicanor ya ji kamar da.

Shekara ta gaba bai zo ba. Socorro ta dawo a lokacin, ta yi wata biyu ta sake komawa, don tagwayen ba sa zama wuri ɗaya, uwarsu kuma ta koma aiki. Nicanor ya jira har ƙarshen Fabrairu, sannan ya sami Yesenia a shago tana cika silinda.

"Kina da lambarsa. Rubuta masa."

Ta kashe injin, ta ɗauko waya. "Me zan ce?"

Ya yi tunani. "Ki ce ruwa ya yi kyau bana. Ana gani har ƙasa."

"Sai me?"

"Ki ce Nicanor ne."

"Shi ke nan? Haba, Don Nica, ko ya jiki?"

"To, sa ya jiki."

Bayan kwana tara amsa ta zo, daga wata mata da ta ce 'yar ƙanensa ce. Arne ya faɗi a kan ƙanƙara ya karya ƙugu, an mayar da shi gidan kula da tsofaffi, ba zai ƙara hawa jirgin sama ba. Ta ce ta karanta masa saƙon, ya sa ta maimaita, kuma ya ce a gaya wa Nicanor dusar ƙanƙara ta kai taga.

Yesenia ta karanta masa a kan gada, da sassafe, kafin baƙi su iso. Ta ce, "Za ka amsa?"

"Bari in yi tunanin abin da zan ce."

Wilberth ya ɗaga murya daga jirginsa yana tambaya ko wani ya ga bokitinsa. Motar farko ta tsaya a bakin titi, mutane suka fara saukowa da huluna da tawul. Nicanor ya ɗebo rigunan ruwan lemo a hannu biyu, ya nufi wurinsu.